Gyaɗar da Kawu Ya Aiko Mini

Allah Ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi. NaSa ne mu duka, can kuma za mu koma, wannan ba na jayayya da shi. Kafin la'asar mun kai Kawu makwancinsa, mun dawo ƙofar gidansa a Limawa mun shimfiɗa tabarmi. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya yi mini hanyar aiki a ma'aikatar da ya daɗe yana riƙe da ɗakin fayiloli. Saboda haka ni aka zaunar a gaba, kusa da 'ya'yansa, ina miƙa hannu ina amsa gaisuwa.

'Yan uwa daga ƙauye suka zo suka yi nasu yadda aka saba: ya haƙuri, Allah Ya jiƙansa, a shafa, a tashi. Mutanen ofis ne suka rikita wurin. Wani tsohon direba, ƙato, wanda na san ko ranar da ya binne ɗansa hawaye bai zubo masa a gaban mutane ba, ya durƙusa zai yi addu'a sai murya ta ƙi fita. Ya ja hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa, har sai da limamin unguwa ya dafa shi ya ce, "Haba Malam, addu'a yake buƙata yanzu." Wani masinja da ya yi ritaya tuni ya kama hannun babban ɗan Kawu ya ƙi saki, yana cewa, "Babanku ya san abin da matata ba ta sani ba a kaina, kuma ya tafi da shi bai gaya wa kowa ba." Ɗan ya yi tsuru-tsuru yana dubana. Su a gida sun san mahaifinsu mutum ne mai ƙarancin magana, mai faɗa in an taɓa masa rediyo. A cikin gida kuwa, matar da ke share mana ofis ta yi kukan da matan unguwa suka ɗauka 'yar uwa ce ta jini.

Akwai kuma wanda bai tsallako ba. A ɗaya gefen titin, gindin darbejiya, wani ramammen mutum ya tsaya da ƙullin leda a hannu tun da muka dawo daga maƙabarta har aka kira magariba. Na gane shi tun kallon farko, na kuma sunkuyar da kai. Mai Tafireta muke ce masa, don shi ke buga mana takardu a da. Ni na sa hannu a takardar da ta raba shi da aikinsa.

Duk wanda ya zo daga ofis, in ya gama addu'a sai ya juyo gare ni ya ce, "To, kai ya bar mana. Kai ne magajinsa." Wallahi duk sanda suka faɗa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ba su sani ba shi ne, a shekararsa ta ƙarshe Kawu ya neme ni har sau uku, na san sarai abin da yake nema, kuma ban je ba. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na son a manta da shi, ba na kuma son a ci gaba da yabona a kan abin da ban yi ba.

Wanda bai ga Dutse a shekarar da aka ƙirƙiro jiha ba, ba zai gane abin da ma'aikata suka sha ba. Rana ɗaya aka kwaso mutane daga Kano, aka ce ga babban birninku, ku je ku fara aiki. Ina gidajen? Ina ofisoshin? Manyan mutane masu iyali suka koma kwana su shida a ɗaki ɗaya, wasu a kan teburin da suke aiki a kai. Mata da 'ya'ya suna can, su suna nan. Ranar Juma'a a yi ribibin mota, ranar Litinin a dawo da ido jajur. Ba waya a lokacin, in wani abu ya faru a gida sai dai a aiko mutum. Kana gani ƙiri-ƙiri magidanci zai fara ramewa, ya daina dariya, ya riƙa tada jijiyar wuya a kan biro. In ka ce masa yaya dai, ya ce lafiya lau, sai godiya. Haka aka koya mana amsawa tun muna yara.

Kawu shi ɗan ƙasa ne, ƙauyenmu ba nisa, ga gidansa a Limawa, ga gonarsa. Kada wani ya ɗauka mutum ne mai laushi. Ina! In ka saka takarda a fayil ɗin da ba nata ba, zai ɗaga ta sama ya zagaya da ita ofis yana tambaya wane malami ne ya yi wannan aika-aika. Bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, ko sau ɗaya. Goro ba ya barin bakinsa, kuma ba ya ba kowa. Amma yana da ido. Da safe in muna shigowa ba littafin sa hannu yake kallo ba, fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya. Tambayarsa kullum ita ce, "Ka karya kuwa?" In kuma ya ga mutum ya duƙufa a kan aiki alhali hankalinsa ba ya wurin, sai ya ce, "Ajiye takardar nan, ba inda za ta."

A bayan ɗakin fayiloli akwai wani ɗan sito mai taga ɗaya. A nan Kawu ya ajiye buhun gyaɗa da ɓawonta daga gonarsa, da faifai, da kujeru biyu 'yan tsugunne. Bayan azahar sai ya leƙo ya kira mutum ɗaya: "Wane, zo ka taya ni ɓarar gyaɗa. Iri ce, inji yana fasa ta, sai da hannu." Gaskiya ne iri ce, kuma yakan shuka ta in damina ta faɗi. Amma ba a daɗe ba kowa ya lura da irin waɗanda yake kira. Zai tura ƙyaure, ku zauna gefe da gefe, ba ya kallonka, ba ya tambayarka komai. Ƙas, ƙas, ƙas, ɓawo nan, tsaba nan. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya kiran mutum gaban teburinsa kawai su yi magana. Ya harare ni ya ce, "Kai in na zaunar da kai na zuba maka ido, me za ka ce ban da lafiya lau? Bahaushe sai hannunsa na aiki, idonsa na ƙasa, sannan bakinsa ke buɗewa."

Ni ma na zauna a kujerar nan. Bayan rasuwar mahaifina na zama kamar kunama, kowa ya matso sai harbi. Na yi faɗa da masinja, na yi faɗa da matata, abinci ya fita kaina. Da Kawu ya kira ni sai na sha kunu, na shiga da niyyar ba zan ce uffan ba. Ban san lokacin da na fara ba. Na gaya masa cewa ranar da mahaifina ya cika ina Dutse ina jera fayiloli, cewa rabuwarmu ta ƙarshe ma saɓani muka yi a kan gona, na tafi ban ba shi haƙuri ba. Na yi kuka har da majina, ni da gemuna. Bai ce in yi haƙuri ba, bai yi mini wa'azi ba, ɓararsa kawai yake yi. Da na gama sai ya ajiye gyaɗar hannunsa ya ce, "Ni ma, ɗana, akwai wata shekara..." Daidai nan ƙararrawar Darakta ta kaɗa. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Bari, wata rana." Na fito sakayau, na ci abinci ranar har da ƙari, kuma ko kusa bai zo mini a rai in tuna masa ba.

Wanda ya fi kowa daɗewa a siton nan shi ne Mai Tafireta. Teburinsa na kusa da nawa, mutum mai tsafta da barkwanci, yatsunsa kamar ba sa taɓa ƙarfen saboda sauri. 'Yarsa ɗaya tilo tana Kano wurin uwarta. Zazzaɓi ya kama ta, ta rasu ranar Talata, aka binne ta, shi yana nan yana buga takardar gayyatar taro. Sai ranar Alhamis ɗan aike ya same shi. Ya tafi, ya yi kwana bakwai, ya dawo. Amma mutumin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba. Zai saka takarda a tafireta ya zauna yana kallonta har a tashi. Wata rana na leƙa, sai na ga layi ɗaya ya buga ya sake bugawa har shafin ya cika. Aka fara ƙus-ƙus. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wasu suka janye kujerunsu daga kusa da shi.

Kawu ya kira shi ɓarar gyaɗa. Mako biyu cur mutumin nan bai ce komai ba, bai ma ɓare ba, riƙe ƙwaya ɗaya yake yi a hannu. Kawu bai fasa ba. Aikin bugun kuwa ya rarraba mana, shi da kansa ya zauna yana tsintar haruffa da yatsu biyu, gilashi a kan hanci. Na yi gunaguni, ban ɓoye ba, na ce mu ba a ɗauke mu aikin tafireta ba. Ya ce, "Ranar da ka yi kuka a siton can, wa kake tsammani ya yi naka?" Na ɗauki kasona na hau bugawa.

Labari ya kai kunnen Darakta. Ya shigo da kansa, abin da ba ya yi, ya tarar da ɓawon gyaɗa a bakin sito.

"Malam, nan ma'aikata ce ko rumfar 'yan gyaɗa?"

"Ma'aikata ce, ranka ya daɗe," in ji Kawu. "Shi ya sa akwai mutane a ciki."

"Wancan mai bugun ya daina aiki. Ka rubuta masa takardar tuhuma yau ɗin nan."

"Ranka ya daɗe, in na tuhume shi, me zan ce ya yi? In ce 'yarsa ta mutu?"

Darakta ya fusata ya ce zai iya tura Kawu ƙaramar hukuma mafi nisa a jihar nan. Kawu ya ce Allah Ya kai mu, can ma ana noman gyaɗa. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Akwai takardar da ta makara a teburinka tun da abin nan ya faru? In akwai, ni za ka tuhuma. Ka ba ni wata biyu." Darakta ya yi tsaki ya fita, amma bai sake tada maganar ba. Juma'ar da ta biyo, Kawu ya hau bas tare da Mai Tafireta zuwa Kano, ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya jira a benci har aka gan shi. Da aka ce masa ai malamai sun fi sanin irin wannan ciwo, ya ce, "Malam ya yi nasa, likita ya yi nasa, mu ma da muke yini da shi mu yi namu." Kafin kaka, Mai Tafireta ya koma bugunsa. Ranar da ya sake tsokanata a kan tsohuwar hulata, na ga Kawu ya juya baya yana gyara fayilolin da ba su buƙatar gyara.

Haka muka yi shekaru, buhu na ƙarewa wani na zuwa. Sai shekarun da aka ƙaddamar da shari'a suka zo. Na yi murna kamar kowa, na je filin taro na yi kabbara har muryata ta dushe. Abin da zan faɗa yanzu ba laifin shari'a ba ne, laifin bakunan mutane ne da tsorona. A ofis wasu suka tashi da sabon zafi, kowa na sa ido a kan kowa. Aka fara cewa namijin da ke kai kukansa wurin mutum imaninsa ne ya yi rauni. Kawu ya ji ya yi biris.

Matar da ke mana shara, mijinta ya daɗe a kwance rabin jikinsa ya shanye, ita ke ɗaga shi ita ke kwantar da shi kafin ta fito aiki. Kawu ya tarar da ita tana kuka a bayan banɗaki, tsintsiya a hannu. Ya kira ta ɓarar gyaɗa kamar yadda yake kiran kowa. Ya kusa yin jika da ita a shekaru, kuma bai rufe ƙyauren duka ba. Duk da haka kafin mako ya zagayo magana ta cika ofis: dattijo da matar aure a sito. Ni aka riƙa yi wa kallon gefen ido. A lokacin kuwa ana maganar ƙarin girmana. Na same shi na ce, "Kawu, sunan gidanmu fa. Mutane na magana."

Ya dube ni ya ce, "Kai ma ka yarda?"

"Ban yarda ba, Kawu, amma zamani ya canja. A bar ƙofar nan a buɗe, kowa ya ga abin da ake yi."

Washegari ya zo da sukudireba a aljihu, ya kwance ƙyauren siton gaba ɗaya, ya jingine shi a baranda inda kowa zai gani. Na ɗauka na yi dabara, har ina yaba wa kaina. Ashe na kashe abin ne. Wa zai buɗe cikinsa alhali duk mai wucewa yana jin abin da ake cewa? Mutane suka ci gaba da amsa kira don kunyar Kawu, su zauna, su ɓare, su yi hirar ruwan sama da tsadar taki, su tashi. Mai sharar ba ta sake shiga ba. A hankali Kawu ya daina kira. Sai in hango shi bayan azahar shi kaɗai a ciki, faifai a cinya, ɗaya kujerar ba kowa.

Ba a daɗe ba lokacin ritayarsa ya yi. Aka yi ɗan taro, aka sha lemo, aka ba shi agogon bango. Ni aka ba kujerarsa. Da yake miƙa mini makullai sai ya haɗa da faifan ya ce, "Wannan ma kayan ofis ne." Na karɓa da hannu biyu, na ɗora a saman kabad, can inda hannu ba ya kaiwa sai da kujera. Bayan 'yan watanni aka kawo mana kwamfuta, aka rasa inda za a sa, na ce ga sito nan ba abin da ake yi da shi. Aka yi masa fenti, aka sa masa ƙofar ƙarfe mai makulli biyu.

Da aka kwashe tafiretoci aka ce Mai Tafireta ya koyi kwamfuta. Ya gwada, yatsunsa suka ƙi. Matasan da aka ɗauka suna masa dariya. Na ga ciwon yana dawowa, na gan shi da idona: ya daina wanke hula, ya daina gaisawa, ya koma kallon bango, sai ya yi kwana uku bai zo ba. Ba wanda ya fi ni sanin alamun nan a ma'aikatar. Amma akwai sabon Darakta mai son a ga tsari, ni kuma ina son a ce sabon shugaban ɗakin fayiloli ba ya wasa. Na rubuta takardar tuhuma ta farko, na rubuta ta biyu. Ranar da zan ba shi ta uku ya shigo ya tsaya gaban teburina. Bai kalli takardar ba, saman kabad yake kallo. Ya ce, "Malam, ko akwai gyaɗa?" Na ce, "Ba lokacinta ba ne." Tir da wannan baki nawa. Kafin wata ya ƙare aka sallame shi daga aiki.

Bayan haka da kamar wata guda Inna, matar Kawu, ta zo gidana a Yalwawa da kanta, ɗauke da kwano ɗaya na gyaɗa da ɓawonta. Ta ce wa matata, "Kawunku ya ce a ba shi. Ya ce in ya sami sarari ya zo su ɓare tare." Da na dawo aka gaya mini. Na ce shi ke nan, ya ji labarin Mai Tafireta, zai zaunar da ni ya yi shirun nan nasa har in tona kaina. Ban da fuskar da zan kai masa. Na ce wa matata ta soya wa yara. Bayan Sallah ƙarama aka sake kawowa, ita ma aka soya.

Ba wai na ƙaurace wa gidan ba. Duk Juma'a ina zuwa gaisuwa bayan masallaci, amma cikin ayari, ni da 'ya'yansa da surukai. Mu durƙusa a zaure, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki, Allah Ya ƙara lafiya, in riga kowa sa takalmi. Kuma ina gani. Gonar da ba ya iya kwana biyu bai leƙa ba, ya bar wa 'ya'ya. Rediyon da ake faɗa a kansa ya yi ƙura a kan taga. Goro ma ya daina. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce abinci yadda ta kai haka take ɗaukowa, kuma sai ya yini bai ce ƙala ba. Buɗar bakina na ce, "Tsufa ne, Inna." Ni da na zauna kusa da Mai Tafireta, ni da na san yadda abin yake farawa, ni na ce tsufa ne.

Na ukun da bakinsa ya yi. An fara yayyafin farkon damina, mun gama gaisuwa kowa ya miƙe, sai ya riƙo hannun rigata. Hannun ba nauyi ko kaɗan. Ya ce, "Ɗana, gyaɗar nan fa, ga ruwa ya sauka." Na ce, "Kawu, makon nan akwai masu duba aiki da za su zo. Mako mai zuwa in Allah Ya yarda." Ya saki rigar ya ce, "To, Allah Ya kai mu." Makon ya zo ya wuce, wani ma ya wuce, har watanni biyu. Likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ba zan ce da na je da bai mutu ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da bai tafi da abin da ya tafi da shi ba.

Ranar addu'ar uku na shiga wurin Inna. Tana zaune a tabarma, carbi a hannu, ba ta ɗago ba. Na yi mata gaisuwa, sannan na daure na ce, "Inna, Kawu ya tafi yana fushi da ni a kan mutumin nan da aka kora, ko?"

Ta ce, "Fushi? Da ya ji labarin cewa ya yi kai ma abin tausayi ne, kujerar nan nauyi gare ta, kuma ba ka da wanda za ka gaya wa. Ba don wannan yake nemanka ba."

"To don me, Inna?"

"Ya ce akwai maganar da ya fara maka tun a sito bai ƙarasa ba. Ya ce kai ka taɓa buɗe masa cikinka, don haka kai kaɗai ba zai ji kunyar buɗe wa nasa ba. Kullum bayan azahar sai ya sa in fito masa da kujera biyu."

Na ce mata wace magana ce. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Tun ina yarinya aka kawo ni gidan nan. Na haifa masa 'ya'ya, na yi jinyar uwarsa. Wallahi ban sani ba. In na tambaya sai ya ce lafiya lau, sai godiya."

Da na fito, Mai Tafireta yana nan gindin darbejiyar, da ledarsa, kamar yadda ya tsaya kwana uku. Na tsallaka titin. Shi ya fara miƙo hannu ya ce, "Ya haƙuri, Malam?" Ba zargi a muryarsa, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce tun da aka sallame shi yake zuwa wurin Kawu duk Talata, Kawu ne ma ya matsa masa ya koma shan magani. Na ce, "Ya taɓa gaya maka abin da ke damunsa?" Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ni? Ai ni nake magana, shi saurare yake yi." Sannan ya miƙo mini ledar. "Wannan ya hana mu taɓawa, ya ce taka ce, in ka zo. Ranar da ya cika Inna ta ce in ɗauka. Na ga ba tawa ba ce."

Ya Allah, bawanKa ne ya zo maKa, Ka san abin da bai gaya wa kowa ba. Ka saurare shi yadda ya saurari bayinKa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka yafe masa faɗansa da rowar goronsa. Ni kuwa ban san da wane baki zan roƙa wa kaina ba.

Da na koma aiki na taka kujera na sauko da faifan daga saman kabad. Na kakkaɓe ƙura, na juye gyaɗar a kai bayan azahar, na jawo kujera ɗaya kusa da tawa, na bar ƙofa a buɗe. Daga cikin waɗanda suka san ma'anar abin, wasu sun yi ritaya, wasu sun rasu, sauran suka wuce suna kawar da kai. Can sai wani sabon ma'aikaci ya shigo da fayil, ya ga faifan, ya ce, "Oga, sadakar Baba ce? Allah Ya jiƙansa." Ya damƙi cikin hannu ya zuba a aljihu, ya fita.

Na zauna na ɓare sauran ni kaɗai har aka tashi. Iri ce mai kyau, Kawu ya zaɓe ta ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwaya guda ba ta ruɓe ba. Na ƙulle ta a leda na kai ƙauye ranar Asabar, na ce a shuka a gonarsa. Babban ɗansa ya juya ta a hannu, ya ce, "Yaya, ai an gama shuka tuni. Da ka kawo da wuri."